Sati uku ina leƙen rana a shafin e-Callisto

Da farko na ɗauka zuƙi ta malle ce, wai mutum ya zauna gaban kwamfutarsa ya ga ihun da rana take yi a rediyo, kuma kyauta, sai da na shiga na gani da idona. Ƙananan na'urori ne da Christian Monstein na ETH Zurich ya ƙera aka baza su ƙasashe da dama, in rana ta faɗi wa wannan tana fito wa wancan, suna sauraro daga 45 zuwa 870 MHz (irin lambar da ake kamo tashar FM da ita), duk minti 15 hoto ɗaya mai nuna abin da aka ji a kowane lokaci da kowace lambar MHz.

Kwana biyun farko ko ƙyallin abu ban gani ba, kuma laifina ne, agogon shafin UT ne, wato GMT, ni ko ina ta bin na wayata. Ga layukan gidajen rediyon FM sun yi zube a hoton, in ba ka san su ba sai ka yi ta murnar banza.

Ranar da na dace, wani siririn zane ne kamar an ja farce a bango, cikin 'yan daƙiƙu ya wuce. Shi ne nau'i na III a rabe-raben ihun rana da Paul Wild ya yi a Ostireliya tun 1950, wato ilektiron, ƙananan ƙwayoyin lantarki, ne suka tsere daga rana ta buɗaɗɗen layin maganaɗisu da gudun da kan kai kusan kashi ɗaya cikin uku na haske, suna yin sama korona, iskar da ke kewaye da rana, na ƙara sirancewa shi ya sa lambar MHz take sauka. Na yi maza na buɗe jadawalin eksiren rana na tauraron ɗan Adam GOES, ai kuwa a wannan mintin ya ɗan yi tozo, don rediyon da eksiren tare suke isowa daga rana bayan minti 8 da 'yan kai. Har tashi tsaye na yi wallahi.

Amma fa jadawalin GOES jimillar eksiren rana kawai yake ba ka, in siffar kake so sai hotunan tauraron ɗan Adam Hinode, can za ka ga bakan maganaɗisu da tsartuwar iska mai zafin da tun zamanin tauraron da ya gabace shi, Yohkoh, aka gano wani lokaci tana tafe da nau'i na III. Wanda nake farauta yanzu mai siffar U ne, inda ilektiron ɗin suka faɗa rufaffen baka suka hau suka sake gangarowa.

Mai gaggawa kar ya soma, yawancin hotunan wayam ne. Ni dai kullum da safe sai na leƙa.