Tusar jaki a jikin saniya: a bar ta ko a cire?

Makiyaya da masu kiwon gida sun sha tambayata wannan, musamman idan Babbar Sallah ta karato.

Ƙwayar cutar bairos ce ke kawo ta, kuma ta fi kama 'yan maruƙa da ba su kai shekara 2 ba. Barinta bai cin ko sisi: yawanci tana bushewa ta kakkaɓe da kanta cikin watanni. Sai dai kafin nan tana iya yaɗuwa ta igiya, turke ko allurar da aka yi wa dabbobi da yawa, kuma mai saye a kara yana ganin wuyan sa duk ƙuraje zai karya farashi.

Cirewa kuwa sai an biya likitan dabbobi, ga jini, ga ƙudaje da damina. In aka yi gaggawar yanke ta tana tsakiyar girma, takan sake tsirowa. Reza a gida dai ban ba da shawara ba.

Mai ɗan maraƙi lafiyayye da ba ya shirin sayarwa, ya ware shi ya yi haƙuri. Wanda ta fito wa saniyarsa a kan nono har tatsa ta gagara, ko kusa da ido, ko a gaban bijimi, ya kira likita.