Canon 2000D ta yi mini, amma sai da na tsallake masu algus kafin in same ta

Canon EOS 2000D kyamara ce da zan iya ba mai fara sana'ar hoto shawarar ya saya, in dai hoto ne a gabansa, ba bidiyo ba. Da ita nake ɗaukar suna, walimar saukar Alƙur'ani da taron yaye ɗalibai tun bayan Babbar Sallah, kuma ba ta ba ni kunya ba. Sai dai mafi yawan wannan sharhi a kan masu sayarwa zai tsaya, domin abin da na gani wajen nemanta ya dame ni ƙwarai. Yaro ya tara kuɗinsa da gumin goshi, ko mahaifiyarsa ta sayar da tumaki ta ba shi jari, ya shiga shago bai san komai ba, a raba shi da kuɗin cikin ruwan sanyi.

Abu ne mai wuya a yi jabun jikin babbar kyamara irin wannan, aikin ya fi ƙarfin masu jabu. Saboda haka cutar ta kan ɓuya a kayan da ke tare da ita: batir, caja, lens, katin memori, takardar garanti, da kalmar nan "sabuwa ce dal".

Na fara da wani shago da na ga tallarsa a Instagram. Farashinsa ya gaza na kowa nesa ba kusa ba. Da na kira, mutumin ya amsa da fara'a, ya ce akwai kaya, in tura kafin alƙalami a ajiye mini. Na ce zan zo in gani da idona. Da na isa sai maganar ta sauya. Ya ce, "Yallaɓai, ai wancan farashin na jiki ne kawai. Batir daban, caja daban, igiyar ratayawa ma daban." Da ya gama lissafi, kuɗin ya zarce na shagunan da na raina a kan tsada.

Wannan ƙarya ce tsagwaronta. Kamfanin Canon ba ya fitar da 2000D tsirara. A cikin kwalinta akwai batir LP-E10, cajarsa LC-E10E, igiyar wuya, da murfin bakin kyamara. Duk wanda ya ce ka sayi waɗannan daban, to shi ne ya buɗe kwalin ya kwashe su, yana so ya sayar maka da kayanka sau biyu. Katin memori ne ba ya zuwa a ciki. Dabarar kuma tsohuwa ce, ba a nan aka ƙirƙiro ta ba. A Amurka an daɗe ana kuka da wasu shagunan intanet na unguwar Brooklyn masu irin wannan hali: su sa farashi mai arha, ka yi oda, sai a kira ka a waya a matsa maka ka sayi batir da sauran tarkace da tsada, in ka ƙi a ce kaya sun ƙare. A shekarar 2009 Andrew Cuomo, lokacin yana babban lauyan gwamnatin jihar New York, ya sa kamfanoni bakwai daga cikinsu suka amince za su biya diyya su kuma daina. Abin da na ji da kunnena a shagon nan bai bambanta da wancan ba ko kaɗan.

Da ya ga zan tafi, sai ya jawo wata. Ya ce in bar 2000D, ga 4000D, "ka ga ai lambarta ma ta ninka, ta fi ta ƙarfi." A nan ne na tabbatar da wanda nake magana da shi. A tsarin sunayen Canon girman lamba ba ya nufin girman daraja: 5D mai lamba ɗaya tak ta ƙwararru ce, masu lamba huɗu kuwa su ne na 'yan koyo. Duka biyun a 2018 suka fito, amma 4000D ita ce ƙarama: megafiksel 18 gare ta, 2000D kuwa 24.1. Allon bayan 4000D inci 2.7 ne, na 2000D inci 3, kuma zoben da ake ɗaura lens a jikin 4000D na roba ne, na 2000D na ƙarfe. Ba kyamarar banza ba ce, tana aiki. Laifin shi ne a sayar da ita da sunan ta fi, a kan kuɗin wadda ta fi.

Haka batun lens. Ƙaramin lens ɗin da aka fi haɗa ta da shi, EF-S 18-55mm, iri biyu ne a kasuwa. Akwai mai rubutun IS II, wanda ke rage rawar hannu, yana da maɓalli biyu a gefensa: na AF da MF (saita fokas da kansa ko da hannu), da na kunna mai hana rawar. Akwai kuma mai rubutun III kawai, maɓallinsa ɗaya, ba ya hana rawa, kuma ya fi arha. Daga nesa kamarsu ɗaya. Ga mai ɗaukar hoto a cikin ɗaki da yamma, inda haske ya yi ƙaranci, bambancin babba ne. Ka ƙirga maɓallan kafin ka yi tayi.

Inda aka fi cutar mutane shi ne sayar da ta hannu a matsayin sabuwa. Ni ba ni da matsala da kayan hannu. Da yawa daga cikin masu hoton da na sani da 600D ko 700D na hannu suka fara, suka ci abinci da su shekara da shekaru. Amma a faɗa maka gaskiya, a yi maka farashin na hannu. Kyamarar da aka goge da man goge roba, aka sa ta a kwali aka liƙe da sabon salatif, tana da alamomin da ba sa ɓoyuwa ga mai haƙurin dubawa. Juya ta ka kalli ramin da ake ɗaura ta a kan ƙafa uku: in an taɓa amfani da shi za ka ga zagayen karce a kewayensa. Duba ƙarfen da ake zura fitilar filash a sama, fentinsa na saurin gogewa. Duba kawunan ƙananan sukurori, in sun ci baki an taɓa kwance ta. Roban da yatsu ke kamawa, in ya yi santsi yana ƙyalli, ya sha hannu.

Sannan akwai adadin bugun shota. Shota ƙofa ce 'yar ƙarama da ke buɗewa ta rufe duk sanda ka ɗauki hoto, kuma tana da iyakar rayuwa, adadin bugun nata kuwa kamar mitar mota ne da ke nuna tafiyar da ta yi. Mai shago zai iya nuna maka cewa hoton farko ya fito da lamba 0001, ya ce ka gani ba a taɓa aiki da ita ba. Wannan ba hujja ba ce, domin lambar hoto ana mayar da ita farko daga cikin menu a daƙiƙa kaɗan. Kyamarorin Nikon suna rubuta ainihin adadin a cikin bayanan da ke maƙale da kowane hoto, sai ka ɗauki ɗaya ka duba a kwamfuta. Na Canon irin wannan sai an haɗa ta da kwamfuta ta waya an yi amfani da manhaja. Ɗan aiki ne, amma mai gaskiya ba ya hana ka yi.

Shagon da na saya daga ƙarshe ƙarami ne, babu fitilu masu walƙiya, kuma farashinsa ya ɗan ɗara na wancan tallar. Dattijo ne mai shagon. Da na ce ina so in gwada kafin in biya, ya ce, "Bismillah, Malam, zauna. Kuɗinka ne, haƙƙinka ne." Ya tura yaronsa ya kawo mini benci, ya yanke hatimin kwalin a gabana.

Ga abin da na yi a kan bencin nan, don duk mai niyyar saya ya yi irinsa. Na kwatanta lambar da ke ƙarƙashin kyamarar da ta jikin kwali da ta takardar garanti, suka zo ɗaya. Na sa katina, na ɗauki hoto, na buɗe shi a laftof na duba bayanansa, domin Canon tana rubuta lambar jikinta a ciki. Takardar da ke manne a ƙasa ana iya ɓare ta a liƙa wata, ta cikin hoton kuwa ta fi wuyar taɓawa. Daga nan na matse ƙofar hasken lens zuwa f/22 na ɗauki farar takarda. In akwai ƙura ko tabo a kan sensa, wato ɗan faifan cikin kyamara da ke kama hoton, a nan suke fitowa ɗigo-ɗigo baƙaƙe. Na rufe lens da murfinsa na ɗauki duhu, don in ga ko akwai ɗigon ja ko shuɗi da ke tsaye wuri ɗaya, alamar aibi a sensa. Na cire lens ɗin na haska fitilar waya ta cikinsa ina neman fumfuna, wadda ke kama da saƙar gizo-gizo a jikin gilashi, kuma ta fi yawa a kayan da suka daɗe a wuri mai laima. Duk wannan dattijon yana zaune yana sauraron rediyonsa, bai ce in yi sauri ba ko sau ɗaya. Da na gama ya rubuta rasit da sunan samfurin, da lambar jiki, da lambar lens, ya sa hannu ya buga hatimi.

Ya kuma gaya mini wani abu da ban tambaye shi ba. Ya ce kayansa kashi biyu ne: waɗanda suka zo ta hannun dillalan da kamfani ya amince da su, da waɗanda 'yan kasuwa ke shigowa da su da kansu daga Dubai ko Amurka. Na biyun ma na gaske ne, sun ɗan fi sauƙi, amma garantin kamfani ba lallai ya yi aiki a nan ba, sai dai alƙawarin shago. Ana gane wasu daga sunan: wannan kyamara ɗaya ce ake kira Rebel T7 a Amurka, 1500D a wasu ƙasashen Asiya, Kiss X90 a Japan. Ya bar ni na zaɓa ina sane. Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya ce wanda ya yi mana algus ba ya cikinmu, kuma na ga mutumin da ya ɗauki maganar da gaske a kan kayan da bai zama dole ya tona asirinsu ba.

Batir da kati su ne 'yan ƙananan abubuwan da ke iya ɓata maka aikin yini guda. LP-E10 na asali ƙarfinsa 860 mAh ne, haka aka rubuta a jikinsa. In ka ga mai tambarin Canon an rubuta masa 2000 ko fiye, ajiye shi. Akwai kamfanonin da ke yin batir da sunansu na kansu, wasu kuma suna aiki lafiya, ba su nake nufi ba. Wanda aka sata wa suna shi ne abin tsoro, yana kumbura, yana zafi, yana mutuwa ana tsakiyar ɗaurin aure. Katin jabu kuwa ya fi muni. Zai nuna maka 64GB ko 128GB, alhali abin da yake iya riƙewa ɗan kaɗan ne. Kyamara za ta ci gaba da ɗauka kamar lafiya lau, sai ka koma gida ka tarar hotunan ba sa buɗuwa, ga amarya da danginta suna jira. Akwai manhaja kyauta mai suna H2testw da ke cika katin da bayanai ta sake karanta su, ta gaya maka ainihin girmansa. A gwada kowane sabon kati da ita kafin a kai shi wurin aiki.

In an riga an cuce ka, rasit mai lambar jiki shi ne makaminka, a gaban shugabannin kasuwa ko a hukumar kare haƙƙin masu saye ta tarayya, FCCPC. Rasit ɗin da aka rubuta "kyamara ɗaya" kawai ba zai tsinana maka komai ba. Kuma kada a tura kuɗi zuwa asusun da sunansa bai yi daidai da na shagon ko mai shagon ba.

Ita kyamarar, hotonta da rana ko a wuri mai haske yana da kyau sosai. Launin fatarmu yana fitowa da ɗumi, zanen shadda da aikin wuyan babbar riga suna fita tsaf, kuma megafiksel 24 ya isa a wanke babban hoto na bango. Batirin, a lissafin kamfani, yana kai kimanin hoto 500 in ta madubin ido kake dubawa, kuma abin da na gani bai yi nisa da haka ba. Tana da Wi-Fi, ina tura wa mai biki hoto a waya tun kafin a tashi daga taro.

Rauninta kuma a fili yake. Wuraren kama fokas tara ne kacal, kuma hoto uku take ɗauka a daƙiƙa, don haka a wurin hawan sallah ko ƙwallo dawakai da 'yan wasa za su riƙa tsere mata. In ka koma duba allo maimakon madubi, fokas ɗinta yana nawa ƙwarai. Allon ba ya juyawa, ba a taɓa shi da yatsa. Akwai kuma abin da mai aikin dare ya kamata ya duba tun a shago: waɗanda aka fara fitarwa ba su da babban ɗigon ƙarfen nan na tsakiya a mazaunin filash, saboda haka fitilu masu arha da yawa ba sa tashi a kansu. Ka je da fitilarka ka gwada a wurin.

Mai son bidiyo kuwa, wannan ba tasa ba ce. Ba ta ɗaukar 4K, iyakarta 1080, kuma ba ta da ramin makirfo, ga shi a wajen biki sauti ne rabin aiki. Gara ya ƙara haƙuri ya tara kuɗin 250D da ta fito a 2019, mai allo mai juyawa da ramin makirfo. Batirinta LP-E17 ne, shi ma a cikin kwali yake zuwa tare da cajarsa.