COBOL ko RPG? Amsa ga ƙanenmu na Riyad

Wa alaikumus salam ƙanena. Kan tambayarka ta wanne ya fi sauƙin karantawa kuma wanne aka fi nema tsakanin COBOL da RPG, tsofaffin yarukan rubuta manhajar kwamfuta: ɗauki COBOL. Duka biyun na kashe musu kuɗi a nan Jidda, ɗaya ne kwalliya ta biya kuɗin sabulu.

Littafin COBOL ɗina na farko a kasuwar Harajin Sawarikh na tsince shi cikin tarin tsofaffin littattafai, riyal goma sha biyar, bangon baya ma a yage. A lokacin ban daɗe da kama aiki a ofishin lissafi na wani kamfanin dakon kaya ba. Mai riƙe da kwamfutar albashi wani dattijo ne Bahaushen Sudan, mutumin Mai Wurno, Allah Ya jiƙansa. Da ya ga littafin a hannuna sai ya ce: "Ɗana, in dai kana jin Turancin sakandare, ka riga ka yi rabin karatun." Kuma haka na tarar. Za ka ga an rubuta ADD OVERTIME TO SALARY GIVING TOTAL, ko akawun da bai taɓa koyon yaren kwamfuta ba ya san an haɗa kuɗin ƙarin lokaci da albashi.

Abin da ya sa na kama shi hannu biyu ya faru ne a goman ƙarshe na wani azumi, dattijon ya tafi Makka. Wani direbanmu da ke barin aiki ya shigo ido jawur. Haƙƙinsa riyal 10,250 ne, takarda ta fito da 250. Manhajar albashin ta girme ni a kamfanin, wanda ya rubuta ta ya koma ƙasarsu tun kafin in zo. Bayan tarawihi na zauna ina bin ta layi-layi kamar mai karanta wasiƙa. A sashen bayanai na ga PIC 9(4)V99, wato gurbin lamba huɗu na riyal da biyu na halala. Duk kuɗin da ya haura 9,999.99 aka zuba a nan, COBOL yana sare lambar farko ya yi shiru. Na faɗaɗa gurbin a duk inda ya bayyana, muka sake gwadawa, kafin sahur lissafi ya fito daidai. Bawan Allah ya tafi sallah gida da kuɗinsa cif. Har yau littafin yana kan teburina.

Da gangan aka gina shi haka. A 1959 ne kwamitin CODASYL, da goyon bayan ma'aikatar tsaron Amurka, ya zauna don samar da yaren da 'yan kasuwa za su iya karantawa, suka ɗauki abubuwa da yawa daga yaren FLOW-MATIC na masaniyar kwamfuta Grace Hopper. Kowace manhaja sashe huɗu take bi a jere: suna, na'ura, bayanai, sannan aiki, shi ya sa ba ka ɓata a cikinta. Aibinsa yawan surutu, abin da Python zai yi a layi biyar shi sai ya ci shafi. Ni dai na gwammace surutun da zan gane bayan shekara ashirin.

RPG kuwa, ba zan zalunce shi ba, yana da sauri wajen fitar da rahoto, kuma salon rubutu na sake da IBM ta faɗaɗa a 2013 ya fi na da kyan gani. Sai dai tsohon ne za a miƙa maka ka gyara, mai gurabe a ƙayyade da alamomi 01 zuwa 99 da sai ka riƙe ma'anarsu a ka. Ga shi kusan a ɗaure yake da zuriyar kwamfutar IBM ta AS/400 ta 1988, wadda yanzu ake kira IBM i.

Maganar kasuwa, kada in ruɗe ka, tallan aikin Java da Python ya ninka na waɗannan tsofaffin nesa ba kusa ba. Amma tsakanin su biyun COBOL ya fi yaɗuwa, bankuna da kamfanonin inshora da hukumomin gwamnati a duniya suna kansa har gobe. Ka tuna Afrilun 2020, da gwamnan jihar New Jersey ta Amurka na lokacin, Phil Murphy, ya fito yana cigiyar masu COBOL saboda manhajar tallafin marasa aiki ta kasa ɗaukar cunkoso. Mu baƙi masu igama, wato izinin zama a Saudiyya, ta kamfanonin kwangila aka fi samun ƙofa, don haka ka haɗa da koyon JCL da DB2 da CICS, kayan aikin da ke tafiya da COBOL a babbar kwamfutar IBM.

Sai ka yi hattara da masu tallan kwas a WhatsApp. RPG ɗin da na ce na saya, wani ne ya karɓi riyal ɗari takwas a hannuna da alkawarin satifiket na IBM da na'urar gwaji. Bidiyoyin wasu ya kwaso ya turo, satifiket ɗin shi ya buga abinsa, daga baya lambar ta daina shiga. Duk wanda ya ce zai sama maka aikin banki ko canjin kafili in ka biya kuɗin kwas, ka riƙe kuɗinka.

Ka sauke GnuCOBOL, manhajar da za ka gwada COBOL da ita, a kwamfutarka, kyauta ne. Ka yi rajista a shafin koyo na IBM Z Xplore, shi ma kyauta, a can za ka taɓa babbar kwamfutar da hannunka. Manhajarka ta farko ta zama lissafin albashin mutum goma, riyal da halala, ka turo nan in duba maka bayan Juma'a in sha Allah.