Wasiƙa ga Ƙanwata Kan Zuƙe Feshi a Ɗakin Likitan Haƙori

Ƙanwata, bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kina lafiya, da su Mama da kowa. Kin ce in ba ki labarin yadda aikin haƙori yake a nan Ingila tunda kema kin shiga layin. Kujeru da na'urorin hoto sai wani jiƙon, yau maganar bututun zuƙa nake so mu yi, domin shi ne aikina kullum a matsayin nas, kuma shi ne abin da na ga an fi yi wa riƙon sakainar kashi a gida.

Kin san injin huda haƙori yana juyawa sau 300,000 zuwa 400,000 a minti ɗaya, dole sai da ruwa don kada zafi ya kashe jijiya. Haka na'urar kankare dattin haƙori mai karkarwa. Ruwan nan yana haɗuwa da miyau da jini da ƙwayoyin cutar baki, ya tashi sama ya zama feshi. Manyan ɗigon suna sauka a ƙirjin majiyyaci da tabarau ɗinki, kina ganinsu, kina gogewa. Ƙananan su ne abin tsoro, waɗanda ba su kai kaurin silin gashi ba. Suna rataye a iska kamar ƙurar da ake gani a hasken rana ta taga, har bayan mutum ya tashi ya tafi. Mai tarin fuka ko mura ko ƙyanda zai iya bar wa na bayansa cutar a cikin iskar, kuma ke da likita ku ne kuka fi kowa kusa.

Bututu biyu ne a jikin kowace kujera. Ƙaramin mai lanƙwasa da ake rataya a gefen baki, ruwan da ya taru a ƙarƙashin harshe kawai yake kwashewa, ba ruwansa da iska. Babban shi ne gwarzon: bakinsa ya kai milimita 8 ko fiye, kuma ana so ya ja iska sama da lita 250 a minti. Bincike ya nuna idan aka riƙe shi daidai yana iya kama fiye da kashi 90 cikin 100 na feshin tun bai fita daga baki ba.

Riƙon kuwa sai an koya. Likita yana aiki ta ɓangare ɗaya, ni ina ta ɗayan, bakin bututun dab da haƙorin amma bai taɓa dasashi ba, ina kare harshe da kumatu da gefensa. In na yi nisa kaɗan, sai ki ga hazo ya lulluɓe madubin likita, shi ma ya ji sanyi a fuska. Shi ya sa a nan likita ba ya huda haƙori shi kaɗai. A gida na sha ganin likita mai ƙwarewa sosai, madubi a hannu ɗaya, inji a ɗaya, sai ya dakata ya ce wa majiyyaci ya tofar a kwano. Ba laifinsa ba ne, hannun uku ne babu, wani lokacin kuma wuta ce ta ɗauke, injin zuƙar ya mutu.

Su ma nan korona ce ta ƙara farkar da su. An dakatar da aikin haƙori na yau da kullum a ranar 25 ga Maris 2020, ba a sake buɗewa ba sai 8 ga Yuni. Da aka dawo, bayan kowane aiki mai feshi sai a rufe ɗaki na tsawon awa ɗaya kafin a shiga sharewa. Daga baya aka rage zuwa tsakanin minti 10 da 30, gwargwadon iskar ɗakin da kuma ko an yi amfani da babban bututu da robar da ake shimfiɗawa a ware haƙori. Robar nan ba sabuwa ba ce, wani likita Sanford Barnum ne ya ƙirƙiro ta a Amurka tun 1864. Akwai kuma manyan injunan zuƙe feshi masu hannu da ake ajiyewa gaban fuska, amma ni a ganina ba su kama ƙafar bututun da ke cikin baki ba.

Kada ki ɗauka komai na nan zuma ne. Samun likitan haƙori na gwamnati ya zama jan aiki, mutane na jira watanni, alhali a gida sau da yawa ranar da ka je ranar za a duba ka.

Idan kin koma asibitinku, duba ko babban bututun yana ja ko rariyarsa ta toshe, domin mu kullum sai mun wanke ta mun zuƙa ruwan magani kafin mu tashi. Kada ki bar majiyyaci ya rufe leɓɓansa a kan ƙaramin bututun, ruwan ciki na iya dawowa bakinsa. Ki buɗe taga, ki sa takunkumi mai kama fuska sosai. Ki rubuto mini irin injin da kuke da shi da yadda kuke yi in wuta ta ɗauke. Ki gaishe da Baba.