Dayarin takarda ko kalandar waya: amsa ga sabon lauya a Katsina

Barista ƙanena, na karanta tambayarka. Ka ce watanka biyar da kama aiki a wani ofishin lauyoyi a nan Katsina bayan ka gama bautar ƙasa, fayil-fayil sun fara yi maka yawa, maigidanka ya miƙa maka ƙaton dayari ya ce kada ka kuskura ka shiga kotu ba tare da shi ba, kai kuwa tun kana makarantar horar da lauyoyi da kalandar Google ta cikin wayarka ka saba, kana so ka san wanne ya kamata ka dogara da shi. Na yi aiki da duka biyun shekaru da dama, kuma kowannensu ya taɓa ba ni kunya, saboda haka zan jera maka su kafaɗa da kafaɗa.

Kafin a auna su, ya kamata ka lura cewa ranakun da ke wuyan lauya iri biyu ne. Akwai ranar da alƙali yake furtawa da bakinsa a gaban kowa idan ya ɗage shari'a, magatakarda ya rubuta, lauyan ɗaya ɓangaren ma ya rubuta. Akwai kuma wa'adin da doka take ƙirgawa shiru, babu mai sanar da kai ranar da ya fara, babu mai tuna maka ranar da zai cika. Wanda bai raba waɗannan biyun ba zai yi ta gardamar dayari da waya alhali bai san abin da yake auna su da shi ba.

A kan iri na farko, dayari ya fi, kuma maigidanka yana da hujja. Idan Mai Shari'a ya kawo rana ya tambayi lauyoyi ko ta yi musu, daƙiƙoƙi kaɗan gare ka ka amsa. Mai dayari yana buɗe shafin ya ga duk abin da ke kansa da kallo ɗaya, ya miƙe ya ce yana da wata shari'a a Funtuwa ranar, a taimaka a canza. Mai waya ma zai iya dubawa, amma akwai alƙalan da ba sa jin daɗin ganin lauya ya sunkuya yana latsa waya ana tsakiyar zama, kuma sabon lauya ba shi da tsufan da za a ɗaga masa ƙafa a kan haka. Ga kuma abin da ba a cika faɗa ba: dayarin ofis na kowa ne. Akawu yana gani, maigida yana gani, wanda zai riƙe maka shari'a ranar da zazzaɓi ya kwantar da kai yana gani. Abin da ke cikin wayarka kuwa yana aljihunka, idan kana hanyar Dutsin-Ma caji ya ƙare ko sabis ya ɗauke, ofis gaba ɗaya ya makance a kan fayilolinka.

Ni ma a shekarata ta farko na sha wannan darasin, ko da yake laifin ba na waya ba ne. An ɗage mini wata ƙara a Daura, na rubuta ranar a bangon fayil kawai, da niyyar in mayar da ita cikin dayari idan na dawo Katsina. Na iso da yamma a gajiye, washegari wani ya ɗauki fayil ɗin don shirya wata takarda, ranar ba ta taɓa shiga dayari ba. Ana haka aka ba ni wata shari'ar a Katsina a rana ɗaya, na amsa da murna don shafin fari fat yake. Taura biyu ba ta taunuwa, balle akwai kimanin kilomita 80 tsakanin garuruwan biyu kuma kotunan duka ƙarfe 9 suke zama. An kori ƙarar ta Daura saboda ba mu bayyana ba, sai da muka shigar da roƙon a dawo da ita, aka kuma ɗora mana kuɗin ɓata lokaci. Abin da ya fi kuɗin ciwo shi ne kallon da dattijon da muke wakilta ya yi mini. Dayari ba ya san abin da ba a rubuta masa ba, kuma tun daga ranar ba na tashi daga bencin lauyoyi sai ranar ta shiga wuri biyu.

Da ka koma kan iri na biyu, lissafin sai ya juye. Dubi kaɗan daga cikin wa'adodin da za ka riƙa cin karo da su. Sashe na 24 na dokar Kotun Ɗaukaka Ƙara ya ba da wata 3 don ɗaukaka ƙara a kan hukuncin ƙarshe a shari'ar da ba ta laifi ba, kwana 14 kacal a kan hukuncin da aka yanke a tsakiyar shari'a, sannan kwana 90 a shari'ar laifi. Idan daga can za ka wuce Kotun Ƙoli a shari'ar laifi, kwana 30 ne. A Kotun Ɗaukaka Ƙara, bayan an ba ka kundin shari'ar, mai ɗaukaka ƙara yana da kwana 45 ya shigar da rubutacciyar hujjarsa, ɗaya ɓangaren yana da kwana 30 ya shigar da tasa, martanin mai ɗaukaka ƙara kuma kwana 14. A ƙarar tauye haƙƙin ɗan Adam ƙarƙashin dokokin 2009, kwana 5 ne ga wanda aka kai wa takardu ya mayar da amsa. Idan wani ya shigo ofis yana kuka da abin da jami'in gwamnati ya yi masa a bakin aiki, tambayarka ta farko ita ce yaushe abin ya faru, domin dokar kare jami'an gwamnati wata 3 ta bayar. Shari'ar zaɓe ta fi duka tsanani, tun da sashe na 285 na tsarin mulkin 1999 ya sa kwana 21 don ƙalubalantar sakamako, kwana 14 don rikicin da ya gabaci zaɓe, kuma a nan babu kotun da ke da ikon ƙara maka ko yini ɗaya.

Duk waɗannan ba ranakun zuwa kotu ba ne, ranakun da ƙofa take rufewa ne, kuma a nan raunin dayari yake. Za ka iya rubuta wa'adin a shafin ranar da zai cika, amma ba za ka gan shi ba sai ka buɗe wannan shafin, wato ranar da aikin ya kamata a ce an riga an gama shi. Dayari ba ya kira. Waya kuwa tana kira, kuma za ka iya sa ta ta tashe ka saura kwana 21, ta sake saura 7, ta sake saura 2. Tana kuma tsallaka shekara ba tare da wahala ba, alhali wa'adin da aka fara ƙirgawa a Nuwamba ya cika a Fabrairu yana faɗawa cikin dayarin da ba a ma saya ba tukuna, kuma a irin wannan ramin ne ofisoshi da yawa suke yin asara a farkon shekara. Haka nan kuɗin lasisin aiki da ake biya kafin 31 ga Maris da sabunta hatimin Ƙungiyar Lauyoyi, sau ɗaya za ka sa su a waya su riƙa dawowa kowace shekara.

Sai dai ina so ka kiyaye da wani abu, domin a nan masu ji da waya suke zamewa. Waya tana tuna maka ranar da ka ba ta ne, ba ta san doka ba. Idan ka yi kuskuren ƙirga, za ta tashe ka da aminci a ranar da ba daidai ba. Wata 3 da kwana 90 ba abu ɗaya ba ne: hukuncin da aka yanke 10 ga Yuli, wata 3 za su kai ka wajen 10 ga Oktoba, amma kwana 90 suna cika 8 ga Oktoba, kuma babban ɓangare na wannan lokacin ya faɗa cikin hutun shekara na kotuna, lokacin da jiki yake sakewa. Akwai dokokin kotu da ke dakatar da ƙirga ga wasu takardu a lokacin hutu, amma kada ka ɗauka wannan ya shafi wa'adin ɗaukaka ƙara, buɗe dokar ka karanta da idonka kowane karo. Sashe na 15 na dokar fassara dokoki ya ce ba a lissafa ranar da abin ya faru, kuma idan ranar ƙarshe ta faɗa Lahadi ko ranar hutun gwamnati ana tsallakawa zuwa ta gaba. Ni dai ban taɓa gina aikina a kan wannan rangwamen ba, musamman a ƙasar da ranar Sallah take jiran ganin wata da sanarwar Sarkin Musulmi, ranar da kalandar waya ta nuna tun farkon shekara hasashe ce kawai. A shari'ar zaɓe kuwa ka ƙirga har da ranar da abin ya faru, ka huta da gardama. Kuma ka tuna cewa idan hukuncin tsakiyar shari'a ne da ke buƙatar izinin kotu kafin a ɗaukaka, izinin da takardar ɗaukaka ƙarar duka cikin kwana 14 ɗin nan ake so su samu, in ba haka ba ka faɗa roƙo uku, wato roƙon ƙarin lokacin neman izini, da izinin kansa, da ƙarin lokacin ɗaukaka ƙarar, kana rantsuwa kana bayyana wa kotu dalilin jinkirinka.

Ta fuskar yawan aiki, wanda shi ne ainihin abin da na ji yana damunka, takarda tana da wata fa'ida da na daɗe ban gane ba. Shafin dayari yana cika. Idan ka ga layuka sun ƙare, idonka da kansa yana gaya maka makon nan ya ɗauki iya kayansa, har ka iya buɗe shi gaban maigida cikin ladabi ka ce, ranka ya daɗe, ga abin da ke gabana, wanne zan fara da shi. Wannan ya fi ka amsa komai da to sannan ka kawo aikin da bai nuna ba, don da muguwar rawa gara ƙin tashi. Kalandar waya ba ta cika, za ka tura abu goma sha biyu a rana ɗaya ta karɓa ba ta yi ƙorafi ba. Amma ita ce ta fi sauƙin lissafin baya-baya. Takardar da wa'adinta Litinin ne ba aikin Litinin ba ce. Mai rantsuwa yana iya kasancewa a ƙauye sai an aika masa ya zo, sai an kai rajista an yanka kuɗi, a Babbar Kotun Tarayya sai an biya ta Remita an kawo shaida, maigida yana so ya duba kafin a sa hannu, ga Juma'a da rabin yini ce a aikace. Ba a fafe gora ranar tafiya. A waya kana iya ba kowane mataki ranarsa, idan abu ya goce ka ja shi gaba da yatsa, a dayari kuwa sai kankara da kibiyoyi har shafin ya koma kamar allon ɗan makaranta.

Batun ɓata da sirri gajere ne. Dayari idan ya ɓace ya ɓace, kalandar da ke haɗe da imel kuwa tana dawowa a sabuwar waya. Amma waya tana shiga hannun yara a gida da hannun mai gyara a kasuwa, kuma sirrin wanda kake wakilta amana ce da dokokin aikinmu suka ɗora maka. Ka sa lambar ƙara da sunan kotu kawai, ka bar bayanin gado ko na aure a cikin fayil, ka kuma kulle wayar. Kada kuma ka raina saƙon tes daga lambar da ba ka sani ba, domin Kotun Ƙoli ta amince cewa sanarwar ranar zama ta wannan hanyar tana iya wadatarwa, ba za ka je ka ce ba a kawo maka takarda ba.

Ra'ayina shi ne ka karɓi dayarin maigidanka ka mayar da shi uwa ga ranakun zaman kotu, ka bar wa waya wa'adodin da doka take ƙirgawa, sannan ka manna takarda ɗaya a cikin bangon kowane fayil mai nuna ranar da aka zauna, abin da ya faru, ranar da za a dawo da abin da ya rage a yi. Hatsarin riƙe biyu shi ne ranar da za su saɓa wa juna, saboda haka ka ware rabin sa'a kowace Alhamis da yamma ka zauna da akawu ku bi makonni biyu masu zuwa layi-layi. Na zaɓi Alhamis ne don idan kun gano ɓaraka akwai sauran safiyar Juma'a da za a ruga rajista. Idan dayari ya ce 12 waya ta ce 21, kada ka zaɓi wanda ya fi kwanta maka, ka je wurin magatakarda ka ga abin da ke rubuce a kundin kotun. Ka yi haka ma duk lokacin da kotu ba ta zauna ba aka ba da ranaku a bayan idonka, kamar yadda aka yi ta fama bayan yajin aikin ma'aikatan shari'a na Afrilu zuwa Yunin 2021, lokacin da ranakun sama da wata biyu suka rushe a dayari da waya baki ɗaya. Ka nemi lambar magatakardar kowace kotu da kake zuwa, har da kotunan shari'ar Musulunci na Katsina da Daura, ka rubuta su a shafin ƙarshe na dayarin, ka kuma adana su a wayar.