Hattara da mai musayar kyamara da ciko: yadda aka raba ni da 600D ɗina

Assalamu alaikum, 'yan uwa masu sha'awar ɗaukar hoto. Na daɗe ina jan ƙafa kan rubuta wannan saboda kunya. Babu wanda yake son a ce shi aka yi wa wayo, balle mutum da furfura a gemu, wanda aikinsa koya wa yara lissafi. Amma shekaranjiya wani ƙanina ya turo mini tallar mutumin nan yana tambayata ko ya saya. Sunan shafin ya canza, hotunan kayan kuwa su ne dai waɗanda aka yaudare ni da su. Nan na ga shirun da nake yi shi yake taimaka wa.

Hoto ba sana'ata ba ce, sha'awa ce kawai. Shekara da shekaru ina tafe da Canon 600D da ɗan lensina 55-250. Da hunturu nakan je dausayin Hadejia da Nguru, har wajen Dagona, lokacin da tsuntsayen Turai suke sauka su cakuɗa da kirinjijiya da dinya da zalɓe. Da Sallah kuma in nemi wuri a Ƙofar Kudu ranar hawan Daushe. Dawakai ba su taɓa ba ni wahala ba, su suke zuwa inda kake. Tsuntsu ne matsala. Sensar 600D ƙarama ce, tana ninka tsawon lensi da 1.6, wato milimita 250 ya zama kamar 400, amma duk da haka sai ka dawo gida ka tarar abin da ka kwana kana fako ya fito ɗan ɗigo a tsakiyar ruwa. Saboda haka burina bai wuce abu biyu ba: lensin Sigma 150-600 Contemporary, da kyamarar Canon 7D Mark II, wadda ta fito a 2014, mai ɗaukar hoto 10 a daƙiƙa ɗaya, mai wuraren saita gani 65. Na kalli bidiyonsu har na haddace. Aljihu ne ya ƙi.

A Facebook na ga tallar. 7D Mark II da Sigma ɗin nan tare, a kan farin teburi, an rubuta cewa daga Ingila aka shigo da su, kuma ana karɓar tsohuwar kyamara a yi ciko. Wannan kalmar ta ciko ita ta kama ni. Muka koma WhatsApp. Mutum ne mai ladabi, ba ya fara magana sai da sallama, ba ya kirana sai Yallaɓai. Kuma ya san kaya, wannan kada ku raina shi. Da na ce tsuntsaye nake ɗauka, shi ya fara cewa ai 600 a kan wannan bodin kamar 960 ne. Ya bayyana mini dalilin arahar: tun 2018 da Canon da Nikon suka fito da sababbin kyamarori marasa madubi, Turawa suke ta zubar da tsofaffin nasu. Maganar gaskiya ce, kuma a bayanta ya ɓuya. Kaya sun yi sauƙi, amma ba su yi sauƙin da zai sa a ba ka waɗannan biyun a kan 600D da 55-250 da naira 450,000 ba. Na san haka a lokacin. Na dai zaɓi kada in yi lissafin.

Ya turo bidiyo: hannu yana jujjuya kyamarar, ya kunna ta, ya nuna hoton ƙarshe da lambar 100-0412 a sama. Ya ce, "Yallaɓai ka gani da idonka, hoto ɗari huɗu kawai aka ɗauka da ita, wata tsohuwa ce mijinta ya rasu." Ku riƙe wannan, zan dawo kansa.

Na nemi kiran bidiyo, ya ce sabis ba kyau a shago. Na nemi in turo wani da yake garinsu ya duba, ya ce kayan suna sito, amma yana da mota mai tashi gobe, kuma wani mai hoton biki ya riga ya yi magana, shi dai ya fi son ya sayar wa malami. Saura kwana shida Sallah. Muka shirya in tura rabin kuɗin, in kaya sun iso tasha yaronsa ya miƙa mini, in ba shi tawa kyamarar, in tura ragowar. Sunan da ke kan asusun ba nasa ba ne, ba kuma na shagon ba. Ya ce na matarsa ne, nasa ya cika iyaka. Na tura.

Yaron ya kira ni bayan magariba, wai motar ta makara. Na same shi a bakin tasha cikin adaidaita sahu, inji a kunne, yana cewa Baba a yi haƙuri ina da fasinja. Kwali ne an naɗe shi da salatif kamar an ɗaure gawa. Na yage gefe da mukulli, na haska da waya, na ga baƙar kyamara da 7D a ƙirjinta, na ga dogon abu a cikin leda mai kumfa. Na danna, ta kawo wuta. Wayata tana ta ƙara, shi ne yake tambaya ko kaya sun iso lafiya. Na miƙa jakata, na tura ciko a tsaye a wurin. Daga baya na gano yaron ba yaronsa ba ne, ɗan sahu ne aka biya ya kai kwali ya karɓo jaka ya ba wani direba. Bai ma san abin da ke ciki ba.

A gida na ɗauko katin memorina na SD zan sa, ya ƙi shiga. Na buɗe murfin da kyau: rami ɗaya ne, babba, na katin CF. Mark II ramuka biyu gare ta, CF da SD. Na sake duban ƙirjin kyamarar, babu Mark II a ko'ina. 7D ta farko ce, ta 2009, megafiksel 18. Wato na ba da kuɗi da kyamarata ta 2011 mai megafiksel 18, na karɓi wadda ta girme ta da shekara biyu, mai adadi iri ɗaya. A zamaninta kyamara ce ta kirki, ba na zaginta. Amma robar hannunta ta saki, fentin gindinta ya goge har ƙarfe ya fito, batirin kuma jabu ne, ba ya kai awa guda.

Lensin ne ya sa na zauna a ƙasa. Tun ɗagawar farko na ji ba shi ba ne. Sigma 150-600 kusan kilo biyu yake, bakinsa milimita 95, faɗin ƙaramin kwano. Wannan bai kai kilo ba, siriri kamar bututun famfo, a jikinsa an rubuta 420-800mm f/8.3-16. Na juya bayansa, babu 'yan ƙarafan nan masu ruwan zinariya da lensi yake magana da kyamara ta cikinsu. Zobe ne kawai aka ɗaura da zare. Na sa shi, allon ya nuna F00, alamar kyamarar ba ta ma san an sa mata komai ba.

Na kira shi, kuma ya ɗauka. Ga abin da ya ce, ban manta ko kalma ba: "Haba Yallaɓai, ai ƙari na yi maka. Sigma ya ƙare, na ce bari in ba malam mai 800, ka ga ya fi 600 nisa." Kan kyamarar kuma ya ce yaran sito ne suka yi kuskure, in turo dubu 30 na mota a canza. Da na ce a dawo mini da kuɗina da jakata, ya ce zai kira ni. Da asuba hotonsa ya ɓace daga WhatsApp.

Bari in tsaya kan wannan 800 ɗin, domin da shi ake cin mutane da yawa, har a hannun waɗanda ba su ɓoye komai ba. Irin wannan lensin ana sayar da shi sabo a kasuwannin intanet da sunaye barkatai, kuɗinsa wajen dala ɗari, wani lokacin ƙasa da haka. Ba jabu ba ne, abin da aka rubuta a jikinsa shi ne. Amma ba ya saita gani da kansa, da hannu za ka murɗa. Ba shi da abin da ke rage rawar hannu. In ka ja shi zuwa 800, ƙofar haskensa f/16 ce, kuma ba ka da ikon buɗe ta. Sigma a 600 yana kan f/6.3. In ka yi lissafi, hasken da ke shiga na 800 ɗin bai kai kashi ɗaya cikin shida na wancan ba. Ga shi kuma 800 a kan ƙaramar sensa kamar 1,280 ne, sai ka yi saurin shota, wato labulen da ke buɗewa ya rufe a gaban sensa, wajen 1/1250 na daƙiƙa kafin hoto ya tsaya a hannu. Haske kaɗan, sauri mai yawa, a lokacin da tsuntsu ya fi fitowa, wato sassafe cikin hazon hunturu. Na gwada shi a kan shirwa a saman eriyar maƙwabcina, na kafa shi a mariƙi mai ƙafa uku da rana tsaka. Ta fito kamar an zana ta da gawayi an shafa da hannu. Farin wata yakan ɗauku da shi, in kana da haƙuri. Ɗan 55-250 da na bayar ya fi shi kaifi nesa ba kusa ba, ko da za ka yanke hoton ka faɗaɗa.

Sai batun 0412 ɗin nan. Wannan lambar sunan fayil ce kawai. Tana kaiwa 9999 ta koma farko, kuma kowa zai iya mayar da ita 0001 daga cikin menu a daƙiƙa biyar. Ba ta da alaƙa da yawan bugun da shota ta yi. Wani dattijo mai gyaran kyamara, wanda duk muke kira Baba, ya jona 7D ɗin da kwamfuta ya karanta mini adadin gaskiya: ya haura 190,000. Kamfanin ya ƙiyasta wa shotar wannan samfurin 150,000. Baba ya cire tabarau ya ce, "Malam, wannan ta ci bukukuwa fiye da ni." Yanzu takan ɗauki ashirin ko talatin sai ta tsaya ta rubuta Err 30, wato shota ta gaji. Masu Nikon kun fi mu sauƙi, adadin yana cikin bayanan hoton da kansa. Yawancin Canon sai an jona da kwamfuta.

Da na san abin da Baba ya koya mini a ranar, da ban kai nan ba. Ka ce mai kaya ya ɗauki hoto da kyamarar da lensin a haɗe, ya turo ainihin fayil ɗin a matsayin takarda, ba a matsayin hoto ba, domin WhatsApp yana goge bayanan ciki in an tura ta hanyar da aka saba. A cikin fayil ɗin akwai sunan kyamara, sunan lensi, da lambar siriyal. Sannan a kiran bidiyo ya juya gindin kyamarar ka ga lambar ta yi daidai, ya rubuta sunanka a takarda ya ajiye kusa da kayan. Mai gaskiya minti biyar zai yi ya gama. Ka duba tarihin shafin: Facebook yana nuna ranar da aka buɗe shi da sunayen da ya taɓa ɗauka. Na wannan mutumin, da na duba bayan aikin gama ya gama, ya taɓa zama shafin sayar da atamfa, ya taɓa zama na takalma. Hotunan tallar kuma na sa su a Google Lens, suka fito a wata tsohuwar talla ta eBay.

Duk wannan ma rage hasara ne. Cinikin biri a sama dai sunansa ke nan. Kyamara da lensi na hannu sai da rana, a zaune, da katinka da batirinka in kana da shi. Ka cire murafan lensi biyu, ka haska tocila ta baya ka leƙa ta gaba. Ƙura kaɗan ba komai, duk wanda ya sha hunturu yana da ita. Amma in ka ga zare-zare kamar yanar gizo, funfuna ce, kayan da suka zauna a wuri mai laima sukan zo da ita, kuma tana cin rufin gilashi. Ka saurari motar saita gani, ka ɗauki abu na kusa da na nesa, ka buɗe a kwamfuta. Kada ka saki tsohuwar kyamararka sai ka gama. In kai ne mai sayarwa kuma, kada ka yarda da alat na saƙon waya, buɗe manhajar bankinka ka ga kuɗin.

Na kai ƙorafi banki washegari, na kuma rubuta rahoto wurin 'yan sanda da rasit da sikirinshot na hirarmu duka. An ce mini an kwashe kuɗin daga asusun tun daren. Maganar tana nan, ban cire rai ba, ban kuma sa rai ba. Hawan Daushe na bana da waya na ɗauka.

Ga alamominsa in kun ci karo da shi: kaya a kan farin teburi, kalmar musaya da ciko, labarin tsohuwar da mijinta ya rasu, sito maimakon shago, asusun mata, da kaya masu isowa bayan magariba. A sabon shafin da ƙanina ya turo mini, na gangara ƙasa kaɗan sai ga 600D da 55-250, an rubuta cewa daga Ingila take, hoto dubu biyu kacal. A kusurwar hagu, kusa da inda ake ɗaura igiya, akwai ɗan tabon da ta samu ranar da ta suɓuce mini a cikin kwalekwale a Dagona.