Raid Weekend ya riƙe sababbin 'yan Clash of Clans, shugabannin kilan ke korar su

Abin da ya fi ba ni mamaki a Clash of Clans a 'yan shekarun nan shi ne yadda Supercell, kamfanin da ya yi wasan, suka samo wa ƙaramin ɗan wasa aikin yi a cikin kilan, wato ƙungiyar 'yan wasa. Wasan ya fito tun 2012, kuma shekara da shekaru abu ɗaya ne: in ƙauyenka ƙarami ne, kai ɗan kallo ne. A yaƙin kilan a jefa ka can ƙasan layi, ka kai harinka biyu, ba wanda zai ko duba. Sojojin da za ka bayar kyauta ba mai so, don matakinsu bai kai ba. Sai ga Clan Capital a 2022, wato babban birni mai unguwanni da 'yan kilan ke ginawa tare, da Raid Weekend a cikinsa, inda ake kai wa biranen wasu kilan hari a ƙarshen mako. Wallahi ban zaci zai yi tasiri haka ba.

Daga TH6, wato wanda Town Hall ɗinsa (babban ginin ƙauyensa) ya kai mataki na shida, mutum zai iya shiga. Ana buɗewa ranar Juma'a da ƙarfe 8 na safe agogon Najeriya da Nijar, a rufe Litinin daidai wannan lokacin. Kowa hari biyar gare shi, in ya ƙarasa rushe wata unguwa gaba ɗaya a ƙara masa na shida. Babban abin shi ne sojojin ba naka ba ne, na kilan ne. Super Wizard ɗin da mai TH15 zai saki shi ne mai TH6 zai saki, ƙarfi ɗaya, adadi ɗaya. Kuma ɓarna ba ta gogewa: ginin da na gabanka ya rushe ya rushe ke nan, tarkon da sojojinsa suka taka ya tashi, yawancin sihirin da ya zuba ma yana nan a ƙasa har harin da ke biye. To ka ga babba ya shiga unguwa sau biyu, ya kwashe manyan bindigogi, ya bar 'yan gine-gine a lungu. Sabon shiga ya zo da Sneaky Archers ya share ragowar, tauraro uku su fito da sunansa, harin kyauta ya faɗo masa. Yaron da jiya bai san me ya sa ya shiga kilan ba, yau yana tambaya a hira wace unguwa zai taɓa.

Rabon lambobin yabon da ake samu a ƙarshen Raid Weekend ma an yi shi da hankali. Ana tara na kilan gaba ɗaya ne a raba bisa yawan harin da kowa ya kai, ba bisa yawan abin da ya rushe ba. Wanda ya cika shida, ko bai iya ba, daidai zai samu da gwanin da ya cika shida. Da lambobin nan yana iya sayen kaya wurin ɗan kasuwar cikin wasan, ko ya cika Clan Castle ɗinsa, inda ake ajiye sojojin kyauta, da kansa ba sai ya zauna jiran sadaka ba. Ga mai TH6, wanda nasa gurbi 20 kawai yake ɗauka, wannan ba ƙaramin sauƙi ba ne.

Amma fa da zarar na tuna yadda wasu kilan ke tafiyar da abin, sai raina ya ɓaci. Sai ka ji babba yana kumfar baki wai an “sace masa unguwa”, don ƙarami ya ƙarasa abin da ya fara. Satar me? Zinariyar Capital da ake samu a harin ƙarshe, a gine-ginen kilan ɗin dai za a zuba ta. Lambobinsa ba su ragu ba muddin ya cika harinsa shida. Sunansa ne kawai zai sauka a jerin waɗanda suka fi kwaso ganima, shi ke nan. A kan wannan ake korar yaro, kuma wanda aka kora sai bayan awa 24 zai iya komawa wannan kilan ɗin. Mafi muni, in ya riga ya kai hari ko ɗaya ne, ba zai iya kai sauran a wata kilan ba a wannan makon, don haka ragowar harinsa ya tafi a banza. Wanda aka yi wa haka sau biyu, goge wasan zai yi.

Laifin, rabinsa na masu raba muƙami ne barkatai. Mai muƙamin Elder yana iya karɓar mutum, yana kuma iya korar mamba. Shugaba ya ga wani ya bayar da sojoji da yawa, ya ɗora masa muƙamin a kwana biyu, bai san halinsa ba. An ba kura ajiyar nama. Ku shugabanni, Elder huɗu ko biyar sun isa kilan mai mutum 50, kuma ku rubuta dokar kora a bayanin kilan kowa ya gani tun kafin ya shigo. Dokar unguwa ma mai sauƙi ce: wanda ya fara yana da minti goma ya dawo, in bai dawo ba ta zama ta kowa.

Sannan daga Litinin zuwa Alhamis fa? Nan wasan bai taimaka sosai ba. Da aka cire hirar duniya a 2019, sabon ɗan wasa ya rasa wurin magana sai cikin kilan. In ya faɗa wadda hirarta ta mutu, ya yi sallama ba a amsa ba, ya nemi sojoji aka bar buƙatarsa a rataye tun safe har isha, babu abin da zai riƙe shi zuwa Juma'a. Abin da na ga yana aiki ba shi da wuya. A cika masa buƙatar farko nan take, kuma da abin da ya rubuta, ba duk tarkacen da ke hannu ba. A faɗa masa kada ya taɓa jem ɗinsa, wato kuɗin wasan mai daraja, wajen gaggauta gini, ya tara wa magini na uku 500, na huɗu 1,000, na biyar 2,000, domin jiran magini ne ke fara gundurar mutum. A ɗora masa Friendly Challenge ya gwada hari ba tare da asarar komai ba, wani ya kalli maimaicin ya ce masa “ka fara kashe Air Defense kafin ka saki balan-balan”. Kuma a tambaye shi kafin a sa shi a yaƙi. Akwai maɓallin kore da ja na shiga ko fita, sababbi da yawa ba su san da shi ba, sai a sa su, su rasa hari, a ce ba su da amana.

Clan War Leagues kuwa, wato gasar yaƙin kilan ta wata-wata, kada a tura sabo ciki a watansa na farko. Kwana bakwai ne a jere, hari ɗaya tak a rana, kuma a nan inda sabis ke ɗaukewa ana tsakiyar hari, tauraro ɗaya da ya kuɓuce ya isa a yi masa caa. Clan Games, inda ake yin ƙananan ayyuka a tara wa kilan maki, ya fi masa: kowa yana da iyakar makin da zai tara, kuma akwai ayyukan da mai TH6 zai gama da 'yan hare-haren da dama zai kai. A nuna masa ya duba lokacin da aka ba kowane aiki kafin ya danna, don in ya ɗauki wanda ya fi ƙarfinsa, sai ya soke ya jira kafin a bar shi ya ɗauki wani.